Lemon da Likita Ta Ce

A kwanar hawa na biyu kujerar ta maƙale. Mutum huɗu ne ke ɗauke da ita, Tela na ta ƙasa, ƙafarta ɗaya ta matse masa kafaɗa da bango. A kanta maƙwabcinsa ne, wanda kowa ke kira Tirela, da farko saboda motar da ya tuƙa shekara ashirin, daga baya kuma saboda jikinsa.

"Ku ajiye ni nan," in ji Tirela yana haki. "Ku sa alamar mota ta lalace, masu wucewa su kauce."

Shi kaɗai ya yi dariya, ita ma tari ya katse ta.

Kusan shekara guda rabonsa da saukowa daga hawa na uku. Gwiwoyi ne suka fara ƙi, sai ƙafafu suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Duniyarsa ta koma ɗaki ɗaya, da fanka, da taga mai kallon bangon gidan baya. Tela ke hawa wurinsa kullum in ya rufe shago. Da aka zo gida aka ɗebi jininsa, Tela ne ya je karɓo sakamako. Likita ta ce, "Ya bar sukari gaba ɗaya. In kwaɗayin zaƙi ya taso, ya sha lemo, ɗaya ko biyu." Tela ya yi ta maimaita maganar a hanya don kar ya manta. Tun daga ranar duk mako yake hawa da katan na lemon kwalba a kafaɗa. Su zauna su sha, shi da 'yarsa Auta mai shekara tara da Tirela.

Da ƙyar dai aka fito da Tirela aka sa a mota.

A asibiti likitar nan ce dai. Ta daɗe tana kallon takardu kafin ta ɗago ta dubi Tela.

"Malam, me yake sha?"

"Abin da kika ce, likita. Ko ƙwayar sukari ba ta shiga shayinsa. Lemo kawai, mai sanyi."

"Mai sanyi? Na kwalba?"

Tela ya gyaɗa kai. Ta cire tabarau ta ajiye.

"Lemon ɓawo nake nufi. Na itace."

Ta yi masa bayani a hankali. Sukarin da ke kwalba ɗaya ya fi na shayi kofi uku. Jiki ba ya da inda zai kai shi, sai ya mayar da shi kitse. Kitsen ciki kuma in ya yi yawa ba ya kwanciya shiru, kumbura yake yi, kamar miki a ɓoye da ya ƙi warkewa, yana ta cin hanta da hanyoyin jini.

"Ni na kashe shi ke nan?"

"Bai mutu ba, Malam. Kuma abin ya daɗe yana taruwa."

Ba ta ce a'a ba. Wannan kaɗai Tela ya ji.

Kwana uku yana zarya tsakanin shago da asibiti. Ya ɗinka hannun riga a baibai har sau biyu. In ya ga matar Tirela a kan bencin baranda, sai ya tsaya karanta takardun da aka manna a bango. Rana ta huɗu, wajen hantsi, aka ja labule a gadon Tirela.

Matar ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Tana zaune, takalman mijinta a cinya, waɗanda ta taho da su ko za a sallame shi ya saka. Tela ya durƙusa a gabanta.

"Yaya, akwai maganar da ta tsaya min a wuya. Lemon nan da nake kaiwa..."

"Na sani."

"Ba ki gane ba. Likita ba na kwalba take nufi ba. Ni ne na..."

"Ƙanina, shi ma ya sani. Tun ranar farko." Ta share hanci da bakin mayafi. "Na yi faɗa har na gaji. Ya ce in na gaya maka, ba zai yafe min ba. Wai in babu katan da za ka hau da shi, wata rana za ka ji benen ya yi maka tsawo."

Wata ma'aikaciya ta zo da keken marasa lafiya ta ce wa Tela ya matsa, ya matsa da gwiwa bai tashi ba.

Da yamma Auta ta same shi a shago, keken ɗinki a rufe. Rigar makarantar da ya buɗa mata wata biyu da suka wuce ta sake matse ta a hammata.

"Baba, ƙishi nake ji. Akwai lemo?"

Ya zaro ɗaya daga leda, ya ɗauki ƙaramar wuƙar da yake farke ɗinki da ita.

"Ba irin wannan ba, Baba."

"Zauna dai."

Ta zauna a kan tarin yadi tana tura baki. Ya shiga feraye lemon a hankali, ɓawon yana sauka zare ɗaya tsakanin gwiwoyinsa, bai tsinke ba.