Amsar Zaituna

"Ba zan sa mata jan biro ba, Mudira," na ce wa shugabar makarantarmu, na ajiye takardar a kan teburinta.

Makarantar 'yan mata ce mai zaman kanta a unguwar Ƙurban ta Madina, yawancin ɗalibanta 'ya'yan Pakistanawa da Indiyawa. Ni nake koyar da tarihi. Lokacin gasar kurket ta duniya muka shirya kacici-kacici tsakanin azuzuwa. Tambaya ta ƙarshe ita ce shekarar da aka fara gasar. Takardar amsoshi ta ce 1975, kowa kuma haka ya rubuta, sai Zaituna, 'yar Issoufou direba daga Nijar. Ita 1973 ta rubuta.

Da na kira ta, ko kai ba ta sunkuyar ba. Ta ce mata ne suka fara, a Ingila, shekara biyu kafin maza, ƙungiyoyi bakwai har da Jamaika. Yarinyar da ta koyi wasan a lungunan unguwar Harra ta Gabas da ƙwallon tanis naɗe da salatif. Na bincika, gaskiyarta ce. Ni mai digiri ban sani ba.

Wannan maki ɗaya ya isa ya ba ajinta nasara. Amma an riga an sanar da iyaye cewa wani ajin ne ya ci, an zana sunansa a jikin kofi. Mudira ta ce in sa hannu a sakamakon, khalas, magana ta ƙare. Na ƙi.

Aka karɓe darasin tarihi daga hannuna, aka mayar da ni tsaron ƙofa lokacin tashi, cikin ranar Madina. Malamai suka daina kirana shan shayi. Duk Lahadi sai a ajiye mini takardar da biro, ni kuma in mayar. Wata huɗu muna haka.

Wata rana Zaituna ta same ni a ƙofa da ruwan sanyi, ta kira ni da sunan da suke kiran malamai mata.

"Abla, ki sa hannun kawai. Wallahi ni na san amsata."

"Ni ma yanzu na san ta, Zaituna. Shi ya sa."

Ta yi dariya, ta ce ni ce ɗalibarta ta farko, kuma mafi taurin kai.

Ba a sabunta kwantiragina ba. Iƙamata, takardar izinin zamana, ta ƙare a Shawwal. Na rasa aikina, na bar Madina bayan shekara shida, Zaituna ma ba a ba ta kofin ba.