Aikin Gidan Alhaji Abdulgani

Da iskar damina ta yaye rufin wata makaranta a Sabon Gari, mai makarantar, Madam Monica, ta ce karatu ba zai tsaya ba, kowane malami ya buɗe wa ajinsa zaure a WhatsApp. Malam Nu'uman, mai koyar da ilimin zamantakewa, ya buɗe nasa. Abin da Madam ta manta shi ne yaran ba su da waya. Wayoyin na iyaye ne, iyayen kuwa gari na wayewa kasuwa suke tafiya da abinsu.

Haka Malam ya tsinci kansa yana koyar da 'yan kasuwa. Sai ya tura labari daga shafin jarida, ya tambaya wa ya rubuta, yaushe, daga ina ya samo. Okechukwu mai kayan gyaran mota ya amsa da "Amin", wani ya turo tallan atamfa. Yaran sai magariba suke ganin darasi, in caji ya yi saura.

Ikhlas ce kaɗai ke sa ya ji albashinsa halal ne. Yarinyar ba ta barin labari sai ta bi diddiginsa. Amma wayar ta mahaifinta ce, Alhaji Abdulgani na Kwaciri, mutumin da ba a taɓa ce wa ya yi kuskure ya sake gaisawa da wanda ya faɗa ba. Malam ya sani sarai, ranar da ran Alhaji ya ɓaci, ranar Ikhlas ta bar aji.

Ranar Talata ya ba da aikin gida: kowa ya kawo labarin abin da ya faru a gari, da inda ya samo shi. Kafin azahar Alhaji ya turo hoton wani ƙaton kada yana iyo a kan titi, an rubuta wai a mahaɗar Bata ne bayan ruwan jiya.

"Na Ikhlas ne wannan, Malam," in ji shi a saƙon murya. "Na taya ta. A ba ta maki."

Da safen nan Malam ya bi ta Bata a adaidaita. Ban da leda da ɓawon rake bai ga komai yana iyo ba. Amma ta yaya zai ƙaryata dattijo a gaban iyaye cike da zaure? Ya rubuta, ya goge. Daga ƙarshe ya tura: "Allah Ya kiyaye, Alhaji. Mun gode." Ya lallashi kansa da cewa bin na gaba bin Allah ne.

Bayan magariba saƙo ya shigo daga wayar Alhaji.

"Malam, Ikhlas ce. Na bincika hoton yadda ka koya mana. Tsoho ne, a wata ƙasa aka ɗauka, kuma babu jaridar da ta kawo labarin. Don Allah kar a ba ni maki."

A zauren ta tura, domin nan Malam ya ce a riƙa ajiye aikin gida. Okechukwu ya sa alamar dariya, ya yi maza ya cire, amma an riga an gani.

Kunya ta rufe Malam. Da tun da rana ya kira Alhaji gefe ya faɗa masa cikin ladabi, da ba a kai nan ba. Shi ya yi shiru, ya bar wa yarinya kayan da ya kasa ɗauka. Ya jawo waya zai ba da haƙuri, ya ce shi ya sa ta. Yana cikin neman lambar, wani ɗan siririn rubutu ya fito a ƙasan zauren cewa Alhaji Abdulgani ya fita.

Ya kira. Wayar na shiga, ba a ɗauka ba.