Layin Teloli

Ranar Talata ce, hadari ya haɗu tun safe amma ruwa ya ƙi sauka. Saura kwana tara zaɓe. Magajin gari na kurɓar shayi a ofis, sai sakatarensa ya faɗo ko sallama babu.

"Ranka ya daɗe, takardar rusau ɗin da ka sa wa hannu jiya, har da layin teloli a ciki."

Magajin gari ya ajiye kofin shayin. Telolin nan su suka fara tsayar da shi kansila, kuma shagon yayarsa na tsakiyar layin. Bai karanta takardar ba. A mota ya sa hannu, a kan gwiwa, tsakanin wannan taro da wancan.

"Kira min mai katafila!"

"Wayarsa tana cikin durowarka, ranka ya daɗe."

Dokarsa ce. Tun shekararsa ta farko ya ce ranar rusau kowane ma'aikaci ya ajiye waya a ofis, don kada wani babba ya kira ya hana aiki. Da ita ya yi suna, har a fosta an buga ta.

Suka faɗa mota. Suna kaiwa shataletale ruwa ya ɓalle, motoci suka cushe. Wayar magajin gari ta yi ƙara, yayarsa ce.

"Auta, wasa kake min? Ga ƙaton ƙarfenka a ƙofata."

"Yaya, tsaya gabansa, ga ni nan."

"Da wannan gwiwar? Wandonka na farko a nan na ɗinka, mara kunya!"

"Miƙa wa direban wayar!"

Ya ji tana ihu cikin rugugin inji, sannan wata murya daga nesa: "Mama, an hana mu karɓar waya. Ko da shi ne da kansa."

Ya ɓalle ƙofa ya kama gudu cikin ruwa, sakatare na biye da lema yana haki. Da ya sha kwanar ƙarshe, shiru ya tarar. Mai katafila ya sauko yana goge fuska, yana jiran yabo.

"Mun yi sauri, ranka ya daɗe. An so a ba ni waya, na ƙi."

Shaguna goma sha huɗu suka tafi, da kekunan ɗinki tara. Bayan kwana tara ya faɗi a duka akwatunan zaɓen unguwar guda uku, kujerar ta bi su. Yayarsa kuma shekara biyu ba ta amsa gaisuwarsa ba.