Ki Ja Kaɗan

"Yaya, ki ja kaɗan mana."

Kulu ta faɗa ƙasa-ƙasa, idonta a kan siririn tef ɗin da ke naɗe a damtsen ɗanta Uwaisu. Tef ne mai launi uku. Kore, yaro lafiya lau. Rawaya, a koma gida a kula da shi. Ja kuwa shi ke sa a rubuta sunan yaro, a ba shi gyaɗar tamowa ta mako guda. Damtsen Uwaisu ya tsaya a rawaya, tsakaninsa da ja bai wuce kaurin tsinken tsintsiya ba.

Adawiyya yayar Kulu ce, ciki ɗaya. Shekararta tara tana awon yara a wannan ɗan asibiti na Batsari, kuma kowa ya shaide ta, tef ba ya ƙarya a hannunta. Ta san damina biyu ke nan mijin Kulu bai taka gonarsa ta Karare ba saboda 'yan bindiga. Duk da haka ta girgiza kai.

"Amana ce, Kulu. In na ja wa naki, na wa zan bari? Bari mu hau sikeli. In nauyinsa bai kai na tsawonsa ba, ta nan ma zai shiga."

Kulu ta saɓa yaron, ta ɗaga ƙafa ke nan za ta hau, sai ga Malam Armaya'u, shugaban asibitin, yana ta gyaran hula, ga wata baƙar mota ta tsaya a bakin ƙofa. Wai Hajiya Zuwairatu ce ta aiko a kai mata sikeli da mai awo. Mijinta ne ya bai wa asibitin sikelin lokacin neman ƙuri'a, ga hotonsa nan manne a jiki yana murmushi.

"Ranka ya daɗe, mata talatin ke layi."

"Awa ɗaya ce, Malama. Mai abu ya aiko a ara masa abinsa, ni wane ne da zan ce a'a?"

* * *

Awa ɗayan manya ba irin ta talaka ba ce. Hajiya na barci, sannan Hajiya na wanka, sannan Hajiya na da baƙi 'yan sannu da zuwa. Adawiyya na zaune a falo, sanyin na'ura na ratsa ta, sikeli a kan cinyarta kamar wadda aka ba riƙon jariri. Sai bayan azahar aka kira ta ciki.

Wata guda ke nan da aka yi wa Hajiya tiyata a ƙasar waje, aka zuƙe mata kitsen ciki da na cinya. Likitan ya ce duk Talata a auna nauyinta da ƙugunta da cinyoyinta, a tura masa ta waya. Ta hau sikeli tana dafe da bango, ta leƙa, ta ɓata rai.

"Kwalba uku suka nuna mini sun cire! Ina ya tafi? Sikelin nan naku lafiyarsa ƙalau kuwa?"

"Kumburi ne, Hajiya. Jiki kan tara ruwa bayan aiki. Kuma kitse ba shi da nauyi kamar tsoka, a ƙugu za ki fara gani."

Adawiyya ta zagaya mata tef irin na tela a ƙugu. Casa'in da takwas.

"Haba 'yar nan, kin sake shi kamar zanen tsohuwa. Ki ja kaɗan mana."

Adawiyya ta dubi tef ɗin. Ta tuna Malam Armaya'u, ta tuna hoton da ke manne a sikeli, ta tuna aikinta da mutum bakwai ke ci a cikinsa. Ta ja. Tef ya nutse cikin nama.

"Casa'in da biyar, Hajiya."

"Yawwa, ko ke fa!"

Kunya ta rufe ta tun daga nan har mota. Da ta iso asibiti bayan la'asar, babu kowa a rumfa sai ɓawon gyaɗa. Duk wanda zai bi hanyar Karare ya san ba a bari rana ta karkata. Masu babur sun kwashe matan tun tuni.

* * *

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. A makon nan 'yan bindiga suka tare hanyar Karare, babu shiga babu fita, har Talata uku. Wayar Kulu ba ta shiga. Adawiyya kuwa kowace Talata mota na zuwa, ƙugun Hajiya na raguwa, yanzu da gaskiyarsa, likita na yaba mata daga can. In ta naɗe tef ɗin sai ta ji kamar a wuyanta take naɗe shi.

Ranar Talata ta huɗu Kulu ta iso a bayan akori-kura, ita ma ta zabge. Ta kwance goyo. Uwaisu bai yi kuka ba, bai ma kori ƙudan da ya sauka a leɓensa ba.

Adawiyya ta zagaya tef a damtsen. Ba ta ja ba. Ko kaɗan ba ta ja ba. Tef ya wuce rawaya da kansa, ya yi nisa cikin ja.

A waje baƙar motar ta danna hon, sau biyu.

Kulu ta sunkuya ta duba da kyau, don kada idonta ya yaudare ta. Sannan ta ɗago, fuskarta ta washe, ta shafa kan yaron.

"Alhamdu lillahi, Yaya," ta ce. "Yau dai ya kai."