Zanen Ayu

Riskuwa ta ɗaga takardar da yatsu biyu tana hura mata iska, don fentin ruwa ba ya son gaggawa, ita kuwa yau gaggawar ce ke gabanta. Zayyanu, wanda ke haɗa littafin karatun yara a Birnin Kebbi, ya kira ta sau uku tun safe. In zanen bango bai iso masa kafin la'asar ba, zai ba wani mai zane aikin, a kuma cire sunanta.

Wannan takardar ta gwaji ce kawai, aikin ai ya ƙare tun jiya. Ta zana ayu, dabbar ruwan nan mai kiwon ciyawa a bakin kogi, da fentin ruwa a kan takarda. Ta ɗauki hotonsa ta sa a kwamfutar hannunta mai kama da allo, ta gyara ido, ta ƙara haske, ta yi masa ɗan murmushi irin wanda yara ke so. Abu ɗaya ya hana ta turawa. Labarin ayun daga bakin mahaifinta ta ji shi tana ƙarama, kuma ta yi wa kanta alkawari ba za ta fitar da shi ba sai ya ce to.

To fa, nan gizo ke saƙar. Mahaifin nata, Malam Audi, tsohon masunci a Lolo, mutum ne da za ka zauna da shi wuni guda bai yi maka magana goma ba. Tun da ta fara wannan littafi, duk sanda ta miƙo takarda sai ya kawar da kai. Riskuwa ta daɗe da yanke hukuncin dalili. Tana aji uku aka ƙaddamar da Shari'a, kuma ba ta manta malaminsu da ya bi littafin aji da jan biro yana ja wa kowace dabba layi a wuya ba, wai hoton mai rai in an raba kai da jiki ya daina zama hoto. Ta ɗauka abin da ke damun Baba ke nan. Saboda haka ta shirya masa maganin abin: siririn jan layi a wuyan ayun, wanda ta ajiye a shafi na daban cikin kwamfutar, in ta taɓa ya fito, in ta sake taɓawa ya ɓace.

Ta same shi a gindin mangwaro yana ɗinkin taru. Ta durƙusa.

"Baba, sannu da aiki."

"Yawwa, Uwata." Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

"Yau dai sai ka duba. In ka ce a'a, wallahi na bar shi."

Ya ɗan jima kafin ya ajiye zaren. Ya karɓi allon ya nisantar da shi daga idonsa.

"Wanga ruwa na ina ne?" ya ce. "Shuɗi haka kamar bula? Kin taɓa ganin Kwara da wanga launi?"

Kunya ta kama ta. A hotunan waya ta kwaikwayo ruwan, na wata ƙasa can, ga kogi kuwa bai fi taku ɗari daga ƙofar gidansu ba. Don ta kauce wa maganar sai ta yi sauri ta taɓa allon.

"Ka ga, Baba, na ma yi yadda malamai suka ce."

Jan layin ya fito a wuyan ayun.

Tsohon ya zabura kamar an watsa masa garwashi. Allon ya kusa suɓuce masa.

"Subhanallahi! Wa ya ce ki yanka ta? Ai an riga an yanka ta sau guda!"

Riskuwa ta sake duba zanen. Ita namiji ta zana, ko dai haka take zato. Bai dube ta ba, kogin yake kallo, kuma da ya fara magana muryarsa ta yi ƙasa.

Ya ce shekarar da za a haife ta, ruwa ya cika har gonakin shinkafa. Shi da ƙanensa Manu suka bi sawun ciyawar da aka ci, can wajen da jiragen Benin ke tsallakowa. Kwana huɗu suna fako kafin ya ga ayun, mace ce, ya soke ta da mashi. Suka jawo ta gaɓa, shi da hannunsa ya sa mata wuƙa a wuya. Gari ya ɗauki murna, kowa na neman nama, tsofaffi na roƙon kitsen don magani. Sai da suka juya jirgi suka ga wani ɗan hanci yana ɓullowa yana nutsewa a gefensu.

"Ɗa gare ta, Uwata. Bai kai tsawon wanga taru naɗe ba. Ya bi jirginmu har mashaya. Kwana ukku yana zagaya wurin, sannan ba mu ƙara ganinai ba. Labarin da ni ba ki kina ƙarama, na ayu mai wayo da ya tsere ma masunta, ƙarya ta na shirya. Ba ta tsere ba."

Tausayinsa ya cika mata ciki, haushin kanta kuma ya fi. Watanni tana zargin tsohon nan da tsauri, ashe ciwo yake ɓoyewa. Ta miƙa hannu ta taɓa allon, layin ya ɓace.

Ya ƙura wa wuyan ido. Ya shafa wurin da babban yatsa.

"Hakanan kawai?"

"Haka kawai, Baba."

"Uhm." Ya ɗago ya dube ta. "To shi ɗan, abin naki na iya kawo shi?"

Wayarta ta yi ƙara, Zayyanu ne. Ta kife ta a kan tabarma. Ta ruga ɗaki ta ɗauko fenti da burushi da sabuwar takarda, ta ɗebo ruwan randa da aka kawo daga kogi da safe. Tana zanawa yana gyara mata. Hancin ya yi tsini, ki dakushe shi. Fatar ba baƙa ba ce, toka-toka ce kamar bayan tsohuwar tukunya. Ruwan kuma ki sa masa ƙasa-ƙasa. Rabon da ta ji ya yi magana mai yawa haka har ta manta.

Da takardar ta sha iska, ta ɗauki hotonta, ta yanke ɗan ayun ta sa shi cikin zanen. Ta sauya shuɗin ruwan da launin da ya faɗa. Ɗan ya tsaya can gefe, a kusurwar allon, shi kaɗai.

"Ya yi nisa da ita," in ji Malam Audi.

"Sa yatsanka a kansa ka ja shi."

Ya gwada, allon bai ji shi ba, don igiya da taru sun mayar da fatar yatsan kamar ƙirgi. Ya sake gwadawa, shiru. Riskuwa ta kama hannunsa ta kwantar da gefen yatsan inda fatar ke da sauran laushi. Ɗan ayun ya motsa. A hankali tsohon ya ja shi, ya ratsa ruwan da shi, har ya kai shi ƙarƙashin hannun uwarsa.

"Tura musu," ya ce.

Amma bai ɗaga yatsan ba, ita ma ba ta ce ya ɗaga ba, har ladan ya fara kiran la'asar.