Zabuwar da ta Durƙusa

Ban cika ba 'yata Kausar wayata ba. Shekarunta biyar, ni kuwa na san irin abin da ke yawo a intanet. Ƙanwata Ikilima ce, da ta zo mana hutu nan garinmu Turawa, ta nuna mata Zabuwa, tun daga nan yarinya ba ta da zance sai nata.

Zabuwar nan zane ce irin na katun, jiki ɗigo-ɗigo, da jan ɗankwali. Da na ɗauka fim ne. Sai wata Asabar bayan la'asar, ina ɓarar gyaɗa, na ji ta ce da 'yar siririyar murya, "Kausar ta Turawa, sannu da zuwa."

Na ture tiren gefe.

"Ikilima, wa ya gaya wa wannan abu sunan 'yata?"

"Ni na rubuta mata, Yaya. Ai kai tsaye ake yi. Mutum ne zaune gaban kyamara. In ya juya kai zanen ya juya, in ya yi magana bakin ya motsa. Fuskarsa ce kawai ba a gani."

"Wane mutum? Mace ko namiji?"

"Ba wanda ya sani. Daɗin abin ke nan."

"A wurinki."

Na karɓe wayar. Kausar ta kumbura baki, idanu suka ciko. Na ce mata yau tare za mu kalla har ƙarshe, in abin bai kwanta mini ba to an rabu da Zabuwa ke nan.

"Hajiya mai bincike," in ji Ikilima, tana gyara mini tabarma.

Gaskiya ban ga aibu ba. Zabuwa na koya wa yara ƙirge, ta yi da Hausa ta maimaita da Fulatanci, tana kaɗa fiffike. Amma siririyar murya kowane ƙato zai iya yinta. Ban saki fuska ba.

Ana cikin haka sai muka ji sallamar wani dattijo daga can cikin wayar. Zabuwa ta yi ƙasa sululu, wuya ya karkace, ba a ganin komai sai kan ɗankwali.

"Ta lalace," in ji Kausar.

Ikilima ta fashe da dariya. "Durƙusawa ta yi, kyamara ta rasa fuskarta."

Sai ga muryar mace sosai, a natse, ba ƙaƙale. "Sannu da zuwa, Baffa. Ina wuni? Ya hanya? Ya mutanen Falgore? Ya shanu?"

Dattijon ya amsa ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, har ya ƙara da labarin ruwan da aka yi. Masu kallo sai turo alamar dariya suke, ita kuwa ba ta ɗago ba.

"Da wa kike ta surutu a ɗaki, 'yar nan?"

"Yara ne, Baffa. Ƙirge nake koya musu."

"Ina yaran?"

"Suna cikin waya."

Dattijon ya ce, "To, madalla. A gaishe su."

Kausar ta sauka daga cinyata, ta durƙusa gaban wayar. "Ina wuni, Baffa."

Can Zabuwa ta taso, ido ɗaya a rufe, ta koma 'yar muryarta. "Ku yi haƙuri, yara, baƙo muka yi. A nawa muka tsaya?"

Kausar ta waigo tana duban fuskata.

"Asabar kawai," na ce, "kuma ina zaune kusa. Ikilima, ba sauran rubuta sunan garinmu."

"To, Yaya. Kallon ma ai don Kausar za ki riƙa yi, ko?"

"Matsa, kin tare mini haske."