Abin da ke Cikin Langar Hajiya Tani

Shekara ashirin da shida, Malam Ummaru bai taɓa kiran sunan Bahijja da bakinsa ba. 'Yarsa ta fari ce, shi kuwa mutumin da ne, kunya ta yi masa katutu. In zai kira ta sai ya ce "ke", in zai yi zancenta sai ya ce "yarinyar nan". Ranar da ta gama kwalejin fasaha ta dawo Bodinga da takardar aikin lantarki, "madalla" kawai ya ce, ya juya ga allunan ɗalibansa. Mutanen gari kuwa ba su bar zancen ba. Wai ɗiyar malami guda ce ke hawa tsani da filaya a hannu! Yana ji, yana haɗiyewa.

Wata Laraba Alhaji Sodangi, babban ɗan kasuwar albasa na garin Shagari, ya aiko masa da mota. Alhaji ya gina sabon gida, jibi Juma'a walimar tarewa, amma fitilun falo sun haukace. Da wayar hannu ake kunna su, amma a danna su ƙi kamawa, a haƙura a zauna su kama da kansu, can kuma su ɗauke. Uwargidansa Hajiya Tani ta riga ta yi jere, amma ta koma tsohon gida, ta rantse ba ta kwana inda mutanen ɓoye ke wasa da wuta.

Malam ya zauna a falon bayan azahar, dattawan unguwa kewaye da shi. Ya yi karatu, ya tofa kusurwa huɗu, aka shafa. Ko minti biyu ba a yi ba fitilar sama ta ƙifta ta mutu. Wani dattijo ya yi gyaran murya.

Malam ba mutumin da zai sayar da ƙarya ba ne. Ya ce, "Alhaji, wanga gida lafiya lau yake. Ba aikina ba ne wannan. Akwai yarinyar nan ta gidana, a ɗauko ta."

Kai, ka ga murmushi a falon nan! Malam ya gani sarai, ya kuma san me ya jawo wa kansa. In ta kasa, kafin magariba za a ji a Bodinga cewa addu'ar Malam ta ƙi ci, ya fake da ɗiyarsa, ita ma ta sha ƙasa. Har direba ya je ya dawo, gumi bai bar tsatstsafo masa a ƙarƙashin rawani ba.

Bahijja ta shigo da jakar aiki a kafaɗa, ta durƙusa ta gaida kowa. Ba ta taɓa ko waya ɗaya ba, sai tambaya. "Ranka shi daɗe, wa ya sawo kayan?"

Alhaji ya gyara zama, ya hau lissafo 'ya'yansa. Ƙwayayen fitilar da ake kunnawa da intanet Kamilu ya aiko daga Abuja. Safinatu ta aiko wasu daga Legas, masu tafiya da ɗan akwatinsu. Makunnan bango masu rimot kuwa na Zayyanu ne.

"Duka a falon nan aka sa su?"

"To ina zan kai na wani? In sa na Kamilu nan, in tura na Safinatu ɗakin baya, ta ce na fi son shi? Na ce wa mai wayarin, wanda ya yi aikin wutar gidan, ya haɗa su duka, kowa ya samu lada."

Ta sunkuyar da kai don kada a ga dariyarta. "Yaushe abin ya tsananta?"

"Ranar da Hajiya ta yi jere. Shi ya sa muka ce su ne ba su son ta."

Bahijja ta ɗago wayarta tana duba ƙarfin sigina, ta bi bango a hankali, har ta tsaya gaban kabad ɗin gilashi na jeren Hajiya. Wayoyi biyu siri-siri sun fito ta ƙarƙashin murfin wata babbar langa. Ta nemi izini ta ɗaga murfin. Ga akwatin intanet na fitilun Kamilu, ga ɗan akwatin Safinatu, an kwantar da su kan farin ƙyalle, sun yi zafi zau. Ashe Hajiya ce ta tarar mai wayarin ya bar su a ƙasa, ta ce kyautar 'ya'yanta ba ta zama inda ake taka ƙafa, ta adana su inda take adana abu mai daraja.

"Ga mutanen ɓoyen nan, Alhaji," in ji Bahijja. "Su biyu kan mita guda suke magana, kamar gidajen rediyo biyu sun hau tasha ɗaya, ga ƙarfe ya rufe su. Umarni ya maƙale, ya iso a makare. Shi kuma makunnin Zayyanu, da an taɓa rimot sai ya yanke wa ƙwayayen wuta gaba ɗaya, su manta abin da aka ce musu."

Alhaji ya ɓata fuska. "Kada ki ce mani in cire na wani."

"Ba wanda za a cire. Aiki zan raba masu."

Ta kafa akwatunan nesa da juna, ta sauya wa na Safinatu mita. Ta hau tsani, ta bar wa Kamilu fitilun sama, Safinatu na bango, Zayyanu fanka da fitilar ƙofa. Malam yana jan carbi, idonsa a ƙasa, amma kunnensa na kan kowane motsi na tsanin nan. Aka yi la'asar aka dawo, ta ce Alhaji ya danna. Ya danna, suka kama nan take. Ya kashe, suka mutu. Sau bakwai bawan Allah yana yi yana dariya, dattijon da ya yi gyaran murya ɗazu yana ta salati.

Alhaji ya ce a je a gaya wa Hajiya ta taho, an fitar da mutanen ɓoyen daga langarta. Sannan ya zaro waya. "Malam, surukina na Horo Birni sola tana ba shi wahala. Ba ni lambar yarinyar ga. Mi zan rubuta, mi sunanta?"

Tana can saman tsani tana ɗaure murfin fitila ta ƙarshe. Da ya so, ya ce a tambaye ta. Amma wani abu ya cika wa Malam ƙirji, alfahari ne tsantsa, har ya fi ƙarfin kunyar shekara ashirin da shida. Ya ɗago kai, ya faɗa da ƙarfi yadda na bakin ƙofa ma zai ji.

"Bahijja. Rubuta Injiniya Bahijja Ummaru. Ɗiyata ce."

Hannunta ya tsaya cik a kan murfin. Ba ta waiwayo ba, ta daɗe a haka kafin ta sa gefen mayafi ta goge idonta, ta ƙarasa ɗaurin.